Tsohuwar Fijo A Kan Duwatsu: Gyara Ko Gwangwan?



Duk matashin da ke leƙa intanet a wannan zamani ya san irin hotunan nan masu motsi da ake nuna Bature ya shiga wata tsohuwar rumfa a bayan gida, ya yaye tamfol, sai ga mota ta yi shekara talatin ko arba'in ba ta motsa ba. Zai ja ta zuwa garejinsa, ya kwance ta ƙusa bayan ƙusa, ya kankare tsatsa, ya sake haɗa inji, bayan shekara biyu ko uku ta fito tana walƙiya kamar yau aka ƙera ta. Galibin waɗannan motoci su ne waɗanda Amurkawa ke yi wa kirari da motoci masu ƙwanji, irin su Pontiac GTO da Ford Mustang da suka fito a 1964, da Dodge Charger da ta biyo baya a 1966. An yi su ne da manyan injuna masu silinda 8, don gudu da ƙara, a lokacin da fetur yake da araha a Amurka. Da ƙasashen Larabawa suka tsuke bakin famfon mai a 1973, ga kuma tsadar inshora da dokokin hana hayaƙi, sai kasuwarsu ta faɗi. Yau sun zama kayan marmari na masu hali, ana goge su a kai su wurin baje koli, a dawo da su a rufe.

Samarinmu da yawa suna kallon wannan aiki da sha'awa, su yi ajiyar zuciya su ce ina ma a can aka haife su. Ni kuwa abin da nake so in jawo hankalinmu a kai shi ne, muna da tamu motar da ta cancanci irin wannan hidima, kuma tana nan a gabanmu muna wuce ta kullum. Wanda ya zaga Zakirai, hedkwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, ko ƙauyukan da ke kan hanyar Gezawa, ba zai rasa ganin tsohuwar Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, an ɗora ta a kan duwatsu a ƙofar wani gida ba. Tayoyi sun tafi, gilashi ya yi ƙura, kaji na ƙwai a kujerar baya, awaki na fakewa a inuwarta. Ra'ayina shi ne, da yawa daga cikin waɗannan motoci sun fi cancanta a tayar da su su koma bakin aiki fiye da a sayar wa 'yan gwangwan su auna a kan sikeli. Amma akwai sharuɗɗa, kuma niyyar da za a shiga aikin da ita ta bambanta da ta mutumin Amurka.

Mu fara sanin ko wace ce wannan mota. Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a 1968, ta lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969, sannan a 1975 ta zo ta ɗaya a tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda ake yi a kan hanyoyi masu laka da duwatsu. A wannan shekarar ce ta 1975 masana'antar haɗa Fijo da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki. A zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, daga 1976 zuwa 1979, 504 ta zama motar jami'an gwamnati. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har zuwa tsakiyar shekarun 2000. Wato motar da ke kan duwatsu a ƙofar gidanku, mai yiwuwa hannun 'yan ƙasa ne ya ɗaura ta, a lokacin da Kano ma take da masana'antar haɗa manyan motocin Fiat, Bauchi take da ta Steyr, Legas kuma take da ta Volkswagen. Doguwarta mai layin kujeru uku ita ce ta yi jigilar iyayenmu daga tasha zuwa tasha, a-kori-kurarta kuwa ita ta kai buhunan gero da gyaɗa kasuwa shekara da shekaru.

Dalilina na farko shi ne sauƙin fahimtarta. Injin 504 silinda 4 ne, da kafireta yake shan mai, tayoyin baya ne ke tura motar, kuma tana da tsayi daga ƙasa yadda za ta bi hanyar burji da yashi ba tare da cikinta ya daki ƙasa ba. Babu kwamfuta a jikinta. Mutum mai sufana da sukundireba da haƙuri zai iya bin hanyar mai daga tanki zuwa inji da idonsa, ya bi hanyar wuta daga batir zuwa fulogi da hannunsa. Motocin da ake shigo mana da su na hannu daga Turai da Amurka a yau, idan suka ƙi tashi sai an nemo mai na'ura ya jona ya karanta laifin, kuma mai na'urar a birni yake. Saurayin da ya kwance 504 ya mayar da ita ya san yadda inji ke numfashi, kuma wannan sani zai bi shi zuwa injin ban-ruwa, da injin niƙa, da janareto, da tarakta, domin asalinsu duka ɗaya ne.

Dalili na biyu shi ne mutanen da suka san ta suna ƙarewa. Akwai dattawan kanikawa a Kano da garuruwan kewaye waɗanda da jin ƙarar inji kawai za su gaya maka zoben fistin ne ya ci ko bawul ne ke neman saiti. Ba su rubuta littafi ba, iliminsu yana cikin kunnuwansu da yatsunsu, kuma duk wanda ya rasu a cikinsu ya tafi da nasa. Gyaran tsohuwar mota a gida dalili ne da zai sa saurayi ya je ya durƙusa gaban irin wannan dattijo, ya ce: "Baba, ina so ku duba mini wannan kafireta, ku nuna mini inda take ciwo." Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Idan muka bari aka narkar da motocin, muka kuma bari masanansu suka shuɗe ba magaji, mun yi asara biyu a lokaci ɗaya.

Dalili na uku yana cikin ɗabi'ar ƙasarmu. Wannan yanki da ke kewaye da Kano yana daga cikin wuraren da mutane suka fi cunkushewa a kan gona a duk Afirka ta Yamma, har masanin ƙasa Michael Mortimore ya shafe shekaru, tun daga shekarun 1960, yana nazarin yadda ake noma gona ɗaya kowace damina ba tare da ta mutu ba. Amsar kowa ya san ta a Zakirai: ba a zubar da komai. Kashin dabba ya koma gona taki, kara ya zama danga da makamashi, harawa ta zama abincin tumaki, toka ma tana da wurinta. Mutanen da suka iya raya ƙasa da abin da wasu ke kira shara, bai dace a ce jikokinsu sun ɗauki al'adar yar da abu don kawai ya tsufa ba. A Kuba, takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba musu a farkon shekarun 1960 ya tilasta wa mutane riƙe motocin Amurka na shekarun 1950, suna sauya musu inji, suna ƙera abin da ya ɓace, har yau wasu suna ɗaukar fasinja a Habana. Wannan misali ya fi kusa da halinmu fiye da na mai goge Mustang don baje koli.

Na san abin da mai ja da ni zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mai ya ninka, kuma tsohon inji mai kafireta ya fi sabo sha. Motar ba ta da jakar iska mai tare mutum idan an yi karo, birkinta kuma na da ne. Kayan gyaranta na asali sun yi wuya, jabu sun yi yawa. Wani zai ƙara da cewa zuba kuɗi a ƙarfen da ya mutu, alhali gida na buƙatar taki da kuɗin makaranta, almubazzaranci ne. Duk wannan gaskiya ne a kan wasu motocin da wasu masu gyaran. Saboda haka ba kowace 504 nake cewa a tayar ba. Wadda tsatsa ta cinye ƙashin bayanta da wuraren da ƙafafunta suke ɗaure, a bar wa 'yan gwangwan, bayan an cire abin da zai amfani wata. Wanda kuma zai ci bashi don ya yi fenti mai sheƙi ya zaga gari ranar Sallah a ce masa sannu, shi ma ya haƙura. Wadda nake magana a kanta ita ce mai lafiyayyen ƙashi, a hannun wanda yake da aikin da zai ba ta: kai taki gona, ɗauko amfani, kai kaya kasuwa, ko kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare lokacin da babu motar haya. Ga irin waɗannan gajerun tafiye-tafiye, motar da kake iya gyarawa da kanka ta fi wadda ba ka da kuɗin saya.

Akwai wani sharaɗi da ya riga sufana, kuma samari sun cika mantawa da shi. Yawancin waɗannan motoci na mamata ne. Mahaifi ya rasu, an raba gona da gida, mota kuwa an bar ta a ƙofar gida ba wanda ya yi maganarta don an ɗauka ba ta da daraja. Hakika tana cikin gado, kuma mata da marayu suna da haƙƙi a cikinta ko da kuɗin gwangwan kawai za ta yi. Kafin ka kwance ƙusa ɗaya, ya kai ɗan uwa, tara magada, a yi mata kuɗi a gaban shaidu, ka biya kowa rabonsa ko ya yafe maka da bakinsa. In ba haka ba, ranar da ta tashi tana sheƙi ranar ce rigima za ta tashi a gidan, kuma kai ne za ka zama mai cin haƙƙin 'yan uwa. Haka nan a nemo takardunta, a sabunta lamba da lasin da inshora kafin ta hau titi.

Idan an gama da wannan, tsarin aikin shi ne a fara da abin da ke tsare rai, a ƙare da abin da ke faranta ido. Injin da ya daɗe a tsaye ba a murza masa makulli kai tsaye. A cire fulogai, a ɗiga mai a cikin silinda, a bar shi ya jiƙa, sannan a juya shi da hannu a ji ko ya saki. A zubar da tsohon fetur a wanke tanki, domin fetur idan ya daɗe yana zama danƙo ya toshe kafireta. A sauya baƙin mai da matatarsa, a wanke lagireto. Man birki yana shan danshi daga iska, robobin birki kuma suna bushewa su tsage ko da ba a taka su ba, don haka a sauya su gaba ɗaya ba tare da ciniki ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A bi wayoyin wuta ɗaya bayan ɗaya, domin ɓeraye sun yi shekaru suna gwaguyarsu, kuma waya ɗaya da ta feƙe ta isa ta ƙone motar. Taya kuwa tana ɗauke da lambobi huɗu a gefenta masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. Tsohuwar taya ko zanenta bai goge ba, zafin Afrilu zai iya fasa ta. Kada a shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ke riƙe da ita, balle a kan yashi irin namu. A tokare ta da katako mai kauri. Kuma kada a zubar da baƙin mai ko ruwan batir kusa da rijiya ko gona. Wanda zai je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman kaya, ya tafi da tsohon abin a hannunsa, ya kuma tafi da wanda ya san na asali daga jabu. Walda da gyaran bodi da fenti su ne na ƙarshe, idan aljihu ya yarda. Mota mai kyakkyawan birki da kodaɗɗen fenti ba ta taɓa kashe kowa don kodewarta ba.

Aikin ba na mako ɗaya ba ne. Zai iya cin rani biyu, a sayi abu ɗaya bayan an sayar da gyaɗa, a jira wani sai bayan an girbe wake. Sannu ba ta hana zuwa. Mafi kyau ma shi ne samari uku ko huɗu su haɗa hannu a kan mota ɗaya, wannan ya koyi inji, wancan ya koyi wayarin, ɗayan ya koyi walda, su rubuta duk abin da suka kashe a littafi don gudun zargi. Ko da a ƙarshe motar ba ta yi kyan ta cikin hoto ba, garin ya sami makaniki da mai wayarin da mai walda waɗanda a da ba shi da su, kuma sa'o'in da za a ƙarar wajen kallon wani yana gyara tasa motar a wata ƙasa sun koma sana'a a hannu.

Wannan shi ne abin da na gani, mai karatu kuma yana da nasa ganin. Allah Ya sa albarka a cikin sana'o'inmu, Ya jiƙan iyayenmu da suka bar mana abin da za mu gyara, Ya kuma kare mu daga haɗarin hanya. Wassalamu alaikum.