Fasto, ba kowane rikicin aure ne haƙuri ke kashewa ba

Kiristocin da ke zaune a Anka da Gummi da Bukkuyum ba su da yawa, kuma galibinsu aiki ne ko kasuwa ta kawo su: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, Inyamurai masu shaguna, sai mutanen ƙasar Zuru da ke maƙwabtaka. Idan faɗa ya tashi tsakanin miji da mata a irin wannan gida, iyayen matar suna can nesa, hanya kuma ba ta biyuwa yadda ake so saboda 'yan bindiga. Fasto shi ne uba, shi ne waliyyi, shi ne alƙali.

Akwai abin koyi a aikinsu, ko da kai ba Kirista ba ne. Ba sa jira sai an yi baram-baram. Tun kafin ɗaurin aure ake zaunar da saurayi da budurwa, a tattauna kuɗin cefane, dangin miji, haihuwa, a kuma nemi takardar gwajin jini saboda sikila. In rikici ya zo, fasto mai hankali yakan ji ta bakin kowa shi kaɗai kafin ya haɗa su, matarsa ko dattawan Zumuntar Mata su ja matar gefe, don akwai maganar da mace ba za ta iya faɗa wa namiji ba. Bayan sulhu kuma a riƙa leƙa su. Mu nan sau nawa ake shiga tsakani sai bayan an riga an rubuta takardar saki?

To amma fa ga inda gizo ke saƙar. Da yake coci ba ta son rabuwar aure, wasu fastocin komai aka kawo musu amsarsu ɗaya ce: a yi addu'a, a yi haƙuri, a koma ɗaki. Gardama kan kuɗin makarantar yara, wannan haƙuri zai yi. Duka kuma fa? Matar da ta zo da kumburarren ido, aka karanta mata ayar biyayya aka mayar da ita, wallahi ba sulhu aka yi mata ba, an dai rufa wa mijin asiri ne. A ƙaramar majami'a, inda mai dukan wataƙila shi ne ya fi kowa bayar da baiko, rufa asirin ya fi sauƙi.

Kowa ya ji labarin Osinachi Nwachukwu, mawaƙiyar bishara da ta rasu a Abuja a Afrilun 2022. 'Yan'uwanta sun ce shekaru ta yi tana shan duka tana ɓoyewa, kuma a Afrilun 2025 kotu ta yanke wa mijinta hukuncin kisa. Alhali ko dokar cocin Katolika, da ta fi kowa tsauri kan saki, ta yarda ma'aurata su raba wurin zama idan ɗaya ya zama haɗari ga ɗayan ko ga yara. Dokar Najeriya ta 2015 kan cin zarafi ma ta ɗauki dukan abokin aure a matsayin laifi.

Don haka tambayar da ya kamata fasto ya fara yi wa mace, ba a gaban mijin ba, ita ce ko ya taɓa ɗaga mata hannu. In ta ce e, a fara kai ta asibiti, a nema mata inda za ta kwana, a kira iyayenta a waya. Zancen komawa sai daga baya, in ita ta so. Malamanmu da 'yan Hisba ma, su fara da wannan tambayar.