Sahel a Tsakiyar Teku

Da zarar an rufe lakwal damina ta kankama, hirar malamai a Mirriya da Damagaram takan koma kan wakansi. A da, hutun malami bai wuce gonar gado da ziyarar dangi ba, wanda ya yi nisa shi ne ya leƙa Kano ko Yamai. Yanzu kuwa waya ta jefa wani sabon buri a aljihun kowa: hoton farin rairayi da shuɗin ruwa, da bishiyar kwakwa ta sunkuyo kan kujerar kwanciya. Har ta kai a tarukan ƙungiyoyin malamai da na raya al'adu, inda ake lissafin adashi da fita buɗe ido, ba a rasa mai tayar da zancen tsibiri. Sunan da ya fi saurin zuwa baki shi ne Kabo Berde, wadda masu Faransanci ke kira Kap-Ber, domin ita kaɗai ce ƙasar tsibirai a Afirka ta Yamma.

Nan take akan rabu gida biyu. Wasu su ce almubazzaranci ne, malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata me ya haɗa shi da teku? Waɗannan amsarsu gajera ce: na zaune bai ga gari ba, kuma ƙasar da ta haifi fatake da mahajjatan ƙafa ba ta da hujjar tsoron hanya. Gida na biyu su ne abin damuwa, wato masu son a tafi, amma a tafi wurin hoton nan da ke cikin waya. Su ne ke shirin kwashe gumin ƴan ƙungiya su kai shi inda ba za a ga Kabo Berde ba ko da an kwana bakwai a cikinta.

Kallon kitse ake yi wa rogo. Kabo Berde tsibirai goma ne, tara daga ciki ke da mutane, faɗinsu duka murabba'in kilomita 4,033, jama'arsu wajen rabin miliyan. Praya, babban birnin ƙasar, kusan a layi ɗaya take da Damagaram idan aka auna daga tsakiyar duniya, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce daraja ɗaya da ɗan abu ba. Daminarsu gajera ce, daga Agusta zuwa Oktoba, ita ma in ta ga dama ta zo. Tsibirin Sal, wanda daga shi ake ɗauko yawancin hotunan nan, ruwan da yake samu a shekara bai kai rabin na Damagaram ba. Ƙurar hunturu da ke rufe kasuwar Mirriya a watan Janairu ita ce ke wucewa yamma ta sauka a kansu, wani lokaci har ta hana jiragen sama sauka. Shi ya sa ƙasar take cikin ƙungiyar CILSS ta yaƙi da fari a Sahel, wadda aka kafa a 1973, kuma cibiyar Agrhymet ta Yamai tana yi mata aiki kamar yadda take yi wa Nijar. Mutumin Mirriya da ya sauka can bai bar Sahel ba, ya dai tarar da ita teku ya kewaye ta.

Tarihin yunwa ma ɗaya ne. Kamar yadda tsofaffin Damagaram suka gaji labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, suka kuma ga farin 1973 da na 1984 da idonsu, haka mutanen tsibiran suke riƙe da shekarun 1940, lokacin da fari ya kashe dubban dubatan mutane a ƙarƙashin mulkin Fotugal, aka kuma kwashi waɗanda suka tsira zuwa ƙwadago a gonakin koko na Sawo Tome. Cirani ya zama musu gado, har yau waɗanda ke waje sun fi na gida yawa. Wanda ya san yadda ƙauyukan Kance da Magarya ke zama fayau bayan girbi ba ya bukatar a fassara masa wannan.

To, me masu hoto ke shirin saye? Suna shirin sayen abin da kamfanonin yawon buɗe ido suka gina domin Bature mai gudun sanyi. A Sal da Bowa Bista, inda mafi yawan baƙi ke sauka, manyan otal-otal na kamfanonin Turai ne suka jeru a bakin teku. Baƙo yana biyan kuɗin kwana da ci da sha tun kafin ya taso, a ɗaura masa zare a hannu, ya shiga cikin katanga, ba ya da dalilin fitowa sai ranar komawa. Abincin da yake ci yawancinsa a jirgin ruwa aka kawo shi daga waje, ruwan da yake iyo a ciki ruwan teku ne da aka tace da wuta mai tsada, ribar kuma tana bin hanyar da jarin ya biyo. A bayan katangar, a garin Sal Rei na Bowa Bista, akwai unguwar da ake kira Barraka, inda leburorin da suka gina otal ɗin da masu wanke zannuwansa suka yi shekaru suna zaune a ɗakunan kwano da katako, da yawansu ƴan Gini Bisau da Sanagal. Ɗan Afirka ta Yamma da ya biya albashin watanni don ya kwanta a gaban katanga, bai ko san ɗan'uwansa na bayan katanga ba, wace irin tafiya ya yi?

Ba a musun cewa yawon buɗe ido yana riƙe da ƙasar. Shi ke kawo wajen kashi ɗaya cikin huɗu na arzikinta, kuma a 2023 baƙin da suka sauka a otal-otal ɗinta sun haura miliyan ɗaya, ninki biyu na ƴan ƙasa. Amma shekarar 2020 ta nuna raunin wannan dogaro: da annobar korona ta tsayar da jirage, tattalin arzikin ƙasar ya faɗi da fiye da kashi 14 cikin ɗari a shekara guda. Wannan darasi ne ga duk mai mafarkin a mayar da fadar Damagaram da Birni su zama abin kallon baƙi kawai. Sai dai ba a koyon darasin daga kan kujerar kwanciya.

Abin da ya cancanci kuɗin jirgi yana Santiyago, tsibirin da Praya take, inda fiye da rabin jama'ar ƙasar ke zaune. Can ne manomi ke sassaƙa gefen dutse ya yi gona hawa-hawa, ya jera duwatsu a kwari don ya tare ruwan da ke gudu zuwa teku, ya shayar da kayan lambu ɗigo-ɗigo ta siririn bututu. Can ne madatsar ruwan Poilao, ta farko a ƙasar, wadda aka buɗe a 2006. Mutanen Damagaram sun san zafin ƙishirwa: ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, kuma layin jarkoki a bakin famfo ba baƙon abu ba ne ga matan birnin. Ƙasar da ba ta da babban kogi ko ɗaya, ba ta da yuraniyom ba ta da fetur, amma ta kai ga kusan tara cikin goma na manyanta suna karatu da rubutu, ta kuma sami shaidar Hukumar Lafiya ta Duniya a Janairun 2024 cewa ta rabu da zazzaɓin cizon sauro, ta isa malami ya zauna a gabanta ya yi tambaya.

Kuma ba hannu rabbana mutumin Mirriya zai je ba. Tun daga shekarun 1980 manoman Mirriya da Magarya da Matamaye suka daina sare tohon gawo a gonakinsu, suka riƙa gyara shi yana girma, abin da aka sani da sassaben zamani. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyensa taki ne, ƴaƴansa abincin dabbobi ne da rani. Binciken da aka yi a 2006 ya ƙiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya a sassan nan uku sun kai wajen hekta miliyan ɗaya. Kabo Berde kuwa, bayan samun ƴancin kai ranar 5 ga Yulin 1975, ta bi hanyar dashe, gwamnati ta ɗauki mutane aiki suka dasa miliyoyin itatuwa masu jure fari. Hanyoyi biyu ke nan na tunkarar matsala ɗaya, kuma zama ɗaya tsakanin mai lambu daga fadamar Mirriya da manomin Santiyago ya fi hotuna dubu amfani.

Ga ƙungiyoyin al'adu, abin dubawa ya fi haka. A 1936 wasu marubuta uku, Baltasar Lopes da Manuel Lopes da Jorge Barbosa, suka kafa mujallar Claridade a Mindelo, suka juya baya ga kwaikwayon adabin Lisbon, suka ɗauki fari da yunwa da ƙaura da harshen gida suka mayar da su abin rubutu. Littafin Chiquinho na Baltasar Lopes, wanda ya fito a 1947, labarin wani saurayi ne da ya zama malamin makaranta a ƙauye fari ya watsa masa ɗalibai. Amilkar Kabral, jagoran gwagwarmayar ƴanci da aka kashe a Konakiri a 1973, masanin aikin gona ne da ya fara da nazarin zaizayar ƙasa. Batun harshe ma yana jiran malamin Damagaram. Kowa a tsibiran da Kiriyol yake magana a gida da kasuwa, amma harshen Fotugal ne na hukuma da na aji, duk da an amince da baƙaƙen rubuta Kiriyol tun 1998. Nijar ta buɗe ajin gwaji na farko na koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, kuma a Maris 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ƙasashen biyu suna fama da tambaya guda, wato yadda yaro zai fara karatu da harshen da ya sha a nono ba tare da an rufe masa ƙofar duniya ba.

Akwai kuma wurin da ba a zuwa da dariya. Sidade Belya, tsohon garin da ƴan Fotugal suka kafa a 1462, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2009, zango ne na bayi da aka kwaso daga gaɓar Afirka kafin a haye da su Amurka. Ginshiƙin da ake ɗaure su ana bulala yana nan tsaye a dandali. Ɗan Damagaram da ya tsaya a gabansa ya kamata ya tuna cewa birninsa ma, a ƙarni na 19, zango ne na ayarin da ke kai bayi Tarabulus ta hamada. Irin wannan tsayuwa tana gyara yadda malami zai koyar da tarihi in ya koma aji.

Shirin tafiyar kansa yana bukatar natsuwa, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne. Daga Mirriya zuwa Damagaram tafiyar ƙasa da kilomita 20 ce, daga nan zuwa Yamai wajen 900, sannan jirgi zuwa Dakar, sannan wani ya haye teku zuwa Praya. Kabo Berde tana cikin CEDEAO, Nijar kuwa ta fita tun 29 ga Janairun 2025, saboda haka duk mai shiri ya tabbatar da sharuɗɗan shiga daga bakin hukumomin ƙasar kafin ya sayi tikiti, kada ya dogara da yadda aka saba a da. Katin rigakafin shawara wajibi ne. Kuɗinsu eskudo ne, shi ma a jingine yake da yuro kamar sefa, eskudo guda ya ɗan ɗara dala, kuma da yake kusan komai daga waje ake kawo shi, jika ba ta da nauyin da take da shi a kasuwar Lahadi ta Mirriya. Yawancin jama'a Kiristoci ne, kuma kacupa, abincinsu na masara da wake, sau da yawa da naman alade ake dafa ta, don haka Musulmi ya tambaya kafin ya sa hannu. Harshen Faransanci ba zai wadatar a ƙauye ba, a nemi tafinta tun daga gida. Wani abin farin ciki shi ne hutun lakwal yana faɗawa daidai lokacin shukarsu, wanda ya je a Agusta zai tarar da manoma a gona.

Saura tambayar da aka fi kauce wa a taro: wa zai tafi? Idan kuɗin na ƴan ƙungiya ne, kujerar jirgi ba ladan shugabanci ba ce, ba kuma ta ma'aji da surukinsa ba ce. A zaɓi malamin labarin ƙasa, da malamar da ke koyar da Hausa a ajin farko, da mai lambu, da ɗaya daga cikin matan da tukwanensu suka fitar da sunan Mirriya. Mutum huɗu da suka san abin da suka je nema sun fi ashirin masu neman inda za su tsaya a ɗauke su hoto. A kuma ɗora musu sharaɗi tun kafin su taka mota: in sun dawo su rubuta abin da suka gani da Hausa, a karanta shi a gaban waɗanda suka zuba adashin, a ajiye kwafi a kowace lakwal ta gari.

Ba wanda ya hana matafiyi ya tsoma ƙafarsa a teku, mutumin da ya tashi tsakanin tsamiya da rairayi yana da haƙƙin ya ga ruwan da ba a hango ƙarshensa. Amma ƙungiyar da ta tashi daga Tsotsebaki ta haye teku, ta dawo ba ta iya faɗin yadda mutanen Santiyago ke samun ruwan sha ba, ba ta kuma san sunan marubucinsu ko ɗaya ba, ta ci amanar waɗanda suka biya. Gara ta bar kuɗin a asusu, ta sayi alli da littattafai.