Rago Da Kaza: Wa Ya Kamata Ya Ci Wanne A Cikin Gida?

 Muna roƙon mai tsara wannan takarda ya ba mu ɗan fili a ƙarƙashin jerin farashin gero da masara, domin mu faɗi albarkacin bakinmu a kan wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a rumfunanmu na 'yan hatsi. Gardamar kuwa ita ce, tsakanin naman rago da naman kaza wanne ya fi amfani ga jikin mutum.

Kada wani ya ce ina ruwan mai awon hatsi da sha'anin mahauta. Ai da ruwanmu ƙwarai. Kazar gidan gona masara ce da waken suya suka yi gashi suka yi ƙafa, domin fiye da rabin abincinta masara ne. Cikin mako 6 zuwa 8 ta isa yanka, kuma wajen kilo 2 na abinci, ko ƙasa da haka, ya ishe ta ta ƙara kilo guda na nauyi. Saboda haka da masara ta yi tashin gwauron zabo a shekarar 2023 da 2024, bayan an cire tallafin mai, mun gani da idonmu masu kaji da a da suke ɗaukar mota guda sun koma 'yan buhuna, wasu ma suka rufe gonar ɗungum. Shi kuwa rago harawa yake ci da kowa da dusa da ƙaiƙayi, watau abin da mutum ya rage. To mu dai duk inda ta faɗi sha ne, masarar mu ke sayarwa, dusar ma daga hannunmu take fita. Mun faɗi wannan tun da fari don mai karatu ya san ba wani ɓangare muke yi wa talla ba.

Mu makarantar allo muka yi, ba mu zauna a kan benci ba, amma fa awo sana'armu ce, kuma in aka kawo mana lissafi muna gane inda ya tafi. Yaranmu da suka yi boko sun karanta mana awon da Ma'aikatar Gona ta Amurka ta yi wa abinci iri iri, a kan giram 100 na dafaffen nama, watau yanka guda kamar faɗin tafin hannu ban da yatsu. Ƙirjin kaza da aka cire wa fata yana da giram 31 na furotin, shi ne abin da ke gina tsoka, kitsensa bai kai giram 4 ba, kalori kuwa 165. Cinyar rago gasasshiya da kitsenta tana da wajen giram 25 na furotin, kitse wajen giram 16, kalori kusan 260. In a nan aka tsaya, kaza ta yi kaye.

Amma wa ke cin kaza haka a cikinmu? Wa ka taɓa gani ya fige fata ya yar, ya ci ƙirji gaya? Mu cinya muke so da fatarta, an tsoma ta a man gyaɗa ta yi ja. Ita wannan cinya da fata, ko gasawa aka yi ba suya ba, kitsenta ya kai wajen giram 15, watau ta kusa kamo rago. Saboda haka mutumin da likita ya hana jan nama, ya koma yana cin soyayyar kaza kullum yana cewa ai farin nama ne, kansa yake yaudara. Haka kuma a ɗaya gefen, tumakin da aka yi wancan awo da su na Turawa ne masu kitse tun suna ƙanana. Namu Uda da Balami da 'Yankasa, in daga daji suka fito wajen makiyaya, tsoka ce zalla. Sai wanda aka turke a gida wata da watanni ana ɗura masa dusa don kasuwar Salla, shi ne za ka feɗe ka tarar da kitse ya lulluɓe ƙoda.

Kitsen ma ba iri ɗaya ba ne, kuma wannan ba sai an je Amurka ba. A bar romon rago ya kwana a kwano lokacin hunturu, da safe za a ga kitse ya daskare fari fat a sama kamar kyandir, har in ka ci da sanyi sai ya manne maka a dasashi. Romon kaza ba ya yin tauri haka. Likitoci sun ce shi wannan kitse mai daskarewa shi ne ke ƙara mugun kolestarol a jini, wanda ke cushe hanyoyin jini sannu a hankali har ya kai ga ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. A kitsen rago wajen kashi 4 cikin 10 irin wannan ne, a na kaza bai kai kashi 3 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada irin wannan kitse ya wuce kashi 1 cikin 10 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini. A shekarar 2015 kuma reshen hukumar mai binciken ciwon daji ya sa jan nama cikin abubuwan da ake kyautata zaton yawan cinsu na jawo ciwon daji na hanji, masana kuma suna ba da shawara kada a wuce rabin kilo na dafaffe a mako.

Rabin kilo a mako! Talakan da ke zuwa gabanmu ya auni tiya guda ya san wannan gargaɗi ba da shi ake ba, don wani sai ya yi wata bai ga tsoka a miyarsa ba. Da mu ake. Mu da muka ba hamsin baya, muke zaune kan buhu daga hantsi har la'asar, yara ke ɗauka yara ke saukewa, da yamma kuma mai tsire ya san rumfarmu, mai balangu ya san irin yankan da muke so, mai kitse kitse, a barbaɗa gishiri da yaji. Mun san abokan sana'a nawa da aka kwasa daga rumfa zuwa asibiti baki ya karkace. Ba mu ce nama kaɗai ya jawo ba, akwai gado, akwai zama, akwai tunanin bashi. Amma naman yana ciki.

To yanzu a juya ma'aunin, a ga inda rago ya fi. A cikin giram 100 ɗin nan, rago yana da wajen miligiram 2 na sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, ƙirjin kaza miligiram 1. Zinki, wanda yaro ke bukata don girma da warkewar ciwo, rago ya ninka ƙirjin kaza wajen sau huɗu. Bitamin B12, mai aikin jini da jijiya, wanda babu shi a gero ko dawa ko wake sam, yanka guda na rago ya biya wa babban mutum bukatarsa ta yini, kaza kuwa sai ta ba da wajen kashi 1 cikin 7. Ita ma kaza tana da nata, don ta ninka rago a bitamin B3, kuma wannan abin lura ne yanzu da tuwon masara ya kori na dawa a gidaje da yawa, tunda rashin wannan bitamin shi ke damun mutanen da masara ce kaɗai cimarsu. Amma a batun jini dai, rago ne gaba.

Wa ke neman jini a cikin gida? Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna mata 58 cikin 100 masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuwa 68 cikin 100. Lalle zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna da hannu a ciki, amma abinci ma yana da nasa kaso. Namiji baligi miligiram 8 na sinadarin ƙarfe ya ishe shi a yini. Mace mai al'ada tana son 18, mai ciki 27. Watau mai ciki ta ninka mijinta fiye da sau uku wajen bukata.

Sa'an nan mu duba yadda muke rabo. In an sauke tukunya, akushin maigida ake fara cikawa, tsoka mai kyau da hanta da ƙoda duk can suke tafiya. Uwargida ta tsotsi ƙashi, yara a ba su ɗan yanka su raba su biyar, har wasu na cewa in yaro ya saba da nama ko ƙwai zai yi kwaɗayi ya koyi sata. Mu ma haka muka tashi muka tarar, haka muka yi shekaru muna yi ba mu ga laifinsa ba. Ashe wanda naman zai cutar shi ake tara wa, waɗanda zai yi wa magani su ake hanawa. In bako ya zo rumfarmu ya ce a zuba iri a kan dutse a bar fadama, ai dariya za mu yi masa.

Abin ya fi fitowa fili ranar suna. An yanka rago, an soye, an ƙulla a takarda an aika gidan wane da gidan wance, 'yan barka sun ci sun yi guzuri, ita kuwa wadda ta zubar da jini kwana bakwai da suka wuce, ga jariri yana tsotsonta, sai abin da ya rage a gindin tukunya. Iyayenmu mata da suka ƙago kaurin mai jego sun san abin da suke yi. Abin da muke kira shi ne a cire nata kason tun kafin a fara rabo, tsoka ja mai yawa, a soya a adana mata tana ci kaɗan kaɗan.

Kuma ba sai da yawa ba, a nan ne ma hatsinmu ya shigo. Gero da wake suna da sinadarin ƙarfe, sai dai jiki ba ya iya zuƙe shi sosai kamar na nama. Amma in an haɗa su da ɗan nama a miya, naman yana taimaka wa jiki ya ɗebi na hatsin ma. Tumatir da lemon tsami su ma suna taimakawa, shayi kuwa in an kora da shi nan take yana ragewa, gara a jinkirta shi. Saboda haka naman da maigida zai tsaya ya cinye shi kaɗai a tukubar mai tsire, in ya kai shi gida aka yayyanka a miyar kuka, ya amfani mutum takwas.

Wanda rago ya fi ƙarfin aljihunsa kuwa, ga hanta. Hantar kaza dafaffiya tana da wajen miligiram 11 na sinadarin ƙarfe a giram 100, ta ninka tsokar rago fiye da sau biyar, ga ta da araha wajen masu fige kaji. Ta rago ma haka take da albarka. Sai dai mai ciki kada ta yawaita hanta kowace iri, don bitamin A ya yi yawa a cikinta, yawansa kuma na iya taɓa ɗan tayi. Ita a ba ta tsoka, hantar a bar wa mai jego da yara.

Wani abokin zamanmu ya ce, to Alhaji, in an bi taka sai mu koma cin ƙirjin kaza kamar marasa lafiya? Muka ce masa a'a Malam, ba a hana ka rago ba. Ci naka ranar Juma'a, ci na Salla, amma ka sa a yanke farin kitsen nan, romon kuma a bari ya huce a kwashe na sama. Sauran kwanaki in ka samu kaza, a yi maka farfesu maimakon suya, ka ajiye fatar gefe. Kazar Hausa mai kiwon kanta ta fi tauri, ta fi jinkirin nuna, amma ba ta tara kitse kamar ta gidan gona. In kuwa ta gidan gona ce, saya wajen wanda ka amince ba ya sayar da kaza tana tsakiyar shan magani, kuma a dafa ta har ƙashi, kada a ga ja a gaɓa, domin ɗanyen naman kaza na ɗauke da ƙwayoyin da ke sa gudawa da zazzaɓi.

Ga masu lissafin kuɗi kuma, kada a auna da tsayuwar dabba. Rago in an feɗe, wajen rabin nauyinsa ne ke zama nama da ƙashi, sauran fata ce da kai da ƙafa da kayan ciki, ko da yake mu ba abin da muke yarwa. Kazar gidan gona wajen kashi 7 cikin 10 ke shiga tukunya. Mai saye ya sa wannan a ransa kafin ya ce wannan ya fi wancan tsada.

Mu dai a gidanmu mun sauya tsari tun Sallar da ta wuce. Hantar layya mun ɗanɗana yadda aka saba, sauran muka tura cikin gida. Uwargida ta yi ta tambaya ko lafiya, ko wani abu aka yi mana a miyar. Muka ce lafiya lau, a ƙara wa yaran.