KARAYAR FUSKA: ABIN DA YA KAMATA MUTANEN GWARZO DA KABO SU SANI

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Rimin Gado da Garo ta shiga Gwarzo, ta zarce Dayi, ya san ba a daɗewa ba a ji labarin haɗari ba. In mutum ya karye a ƙafa ko a hannu, kowa ya san abin yi. Amma akwai wata karaya wadda jama'a ba su kula da ita ba, watau karayar ƙasusuwan fuska. Sau da yawa a kan wanke wa mutum jini, a ɗinke masa leɓe, a ce Allah ya kiyaye gaba, alhali kuwa ƙashi ya karye a ƙarƙashin kumburin.

Tun cikin 1980 wani likitan haƙori da muƙamuƙi, Farfesa E. O. Adekeye, ya buga bayanin mutum 1,447 waɗanda a ka yi wa maganin karayar fuska a Kaduna, ya nuna haɗarin hanya shi ne ya kawo mafi yawansu. Daga lokacin zuwa yau babura sun cika ƙauyuka. A watan Janairu 2013 Gwamnatin Jihar Kano ta hana sana'ar acaɓa cikin birni, amma a karkara babur shi ne dokin talaka, shi ke kai mai jego asibiti, shi ke kai buhun masara kasuwa. Dokar sa hular kwano kuwa, wadda Hukumar Kiyaye Haɗura ta ce za ta tsananta tun 1 ga Janairu 2009, mun ga yadda ta kwashe: har waɗansu sun riƙa kifa ƙwarya a ka don su wuce ma'aikata. Bayan babur akwai harbin doki da jaki, da tunkuyin sa, da damben kaka, da faɗowar yara daga bishiyar mangwaro.

Ƙasusuwan fuska 14 ne, a cikinsu kuwa muƙamuƙin ƙasa kaɗai ke motsi. Shi muƙamuƙin nan a lanƙwashe ya ke kamar baka, saboda haka in ya sami bugu a wuri guda, ya kan karye wuri biyu: inda bugun ya sauka, da kuma can ɗaya gefen, sau da yawa kusa da kunne. Tsakiyar fuska kuma tana da nata hanyoyin tsagewa. Wani likitan Faransa, René Le Fort, ya gwada wannan a kan gawawwaki, ya buga abin da ya gano cikin 1901: layi na fari ya kan bi ta bisa saiwoyin haƙoran sama, na biyu ya hau ta karan hanci ya gangaro ta ƙarƙashin idanu, na uku ya raba fuska duka da ƙoƙon kai. Har yau likitoci da sunansa su ke kiran karayar nan uku.

To, yaya mutumin da ba likita ba zai gane? Babbar alama ita ce cizo. A ce wa mai rauni ya haɗa haƙoransa. In ya ce ba su haɗuwa yadda su ka saba, to a ɗauka akwai karaya sai likita ya ce babu. In leɓen ƙasa ya mutu ba ya jin taɓawa, jijiyar da ke ratsa cikin muƙamuƙi ce ta taɓu. In kunci ya lotsa, leɓen sama da gefen hanci su ka mutu, baki kuma ya ƙi buɗuwa sosai, ƙashin kunci ne. In yana ganin abu ɗaya ya zama biyu, ko ido ya ƙi duban sama, kwarmin ido ne ya fashe. In kuwa idanun duka biyu su ka yi baƙi kewaye, ko wani ruwa garai-garai ya riƙa ɗiga ta hanci ko ta kunne, to rauni ya kai gindin ƙoƙon kai, babu sauran jira.

Abin da ya fi kashe irin waɗannan mutane a gefen hanya shi ne toshewar numfashi. Jini, da gutsuren haƙori, da harshen da ya koma baya, su kan tare maƙogwaro. Saboda haka kada a kwantar da shi rigingine a bar shi. In yana cikin hankalinsa, a bar shi ya zauna ya sunkuyar da kai gaba. In ya suma, a juya shi gefe, mutum guda yana riƙe da kai daidai da jiki, gama bugun da ya karya fuska yana iya taɓa ƙashin wuya. Kada a ɗura masa ruwa ko fura, kada ya fyace hanci. In haƙorin babba ya fita ɗungum, a riƙe shi ta kai ba ta saiwa ba, a jefa cikin madara a tafi da shi, don in an hanzarta cikin sa'a guda a kan iya mayar da shi. Lambar Hukumar Kiyaye Haɗura 122 ce, ba a biyan kuɗin kira.

Babban asibitin Gwarzo shi ne zangon farko: a tsai da jini, a ɗinke rauni, a tabbatar numfashi da kai suna lafiya. Gyaran ƙashin kansa aikin likitocin haƙori da muƙamuƙi ne, su kuwa sai a manyan asibitocin birni, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda a ka kafa cikin 1988. Daga Gwarzo zuwa can kimanin kilomita 70 ne. Hoton ƙashi na yau da kullum ya kan nuna karayar muƙamuƙi, amma tsakiyar fuska da kwarmin ido sai hoton nan na CT, mai nuna ƙashi yanki-yanki.

Hanyar gyara iri biyu ce. Ta dā, wadda har yanzu tana aiki, ita ce a ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya, su zama su ne karan ɗori, har mako 4 zuwa 6. Duk tsawon kwanakin nan sai kunu da koko da romo da nono ta tsakanin haƙora, mutum ya kan rame, ga kuma wahalar wanke baki. Ta biyu, wadda ta yaɗu tun wajen 1970 da 'yan kai, ita ce a yi tiyata, yawanci ta cikin baki don kada a bar tabo, a haɗa ƙashin da 'yan ƙananan ƙarafa da kusoshi. Wannan ta fi sauƙi ga majinyaci, ta kuma fi tsada.

Inda gizo ke saƙa shi ne jinkiri. Ƙashin fuska yana da jini da yawa, ba ya daɗewa ya ke fara kamawa. In a ka wuce mako biyu ko uku, zai haɗe a karkace, sai an sake karya shi kafin a daidaita. Karayar da ta bi ta gindin haƙori kuma a buɗe ta ke ga ƙazantar baki, in an bar ta sai ta yi mugunya, ƙashi ya ruɓe. Ba mu raina masu ɗorin gargajiya ba, sun daɗe suna yi wa jama'a aiki. Amma kara da tsumma ba su riƙe muƙamuƙi, hannu kuma ba ya ganin abin da ke bayan ido. Maɗorin kirki shi ne wanda zai ce wa dangi wannan ba nawa ba ne, ku nufi asibiti.

Malaman makaranta, ga naku. Yaron da ya faɗi da haɓa ya sami ɗan rauni, mai yiwuwa ne kan muƙamuƙinsa ya karye kusa da kunne ba wanda ya sani. In ba a lura ba, gaɓar ta kan sandare a hankali, bayan 'yan shekaru a ga yaro ba ya iya buɗe baki, haɓarsa kuma ta ƙi girma. Duk ɗalibin da ya faɗi ya ce kunnensa na ciwo in yana tauna, a rubuta wa iyayensa takarda su kai shi a duba.

Ku kuma malaman ofis, mutanen ƙauye wurinku su ke zuwa neman shawara. Ku sanar da su Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa. Muna roƙon hukumomin Gwarzo da Kabo su dubi abu uku: motar ɗaukar marasa lafiya mai mai a cikinta kullum, da koya wa 'yan acaɓa da direbobin tasha taimakon farko, da takardar tura majinyaci wadda za ta kai shi kai tsaye hannun likitan muƙamuƙi ba sai ya yi kwanaki yana zagaya asibitoci ba. Hakimai da dagatai da limamai su taya da gargaɗi kan hular kwano, musamman mai rufe haɓa, gama wadda ta tsaya a ka ba ta tsare muƙamuƙi. Kuɗinta bai kai ko kusa da kuɗin tiyata ba.

Allah ya kiyashe mu da mugun ji da mugun gani, amin.