Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, Kan Ciwon Sukari



Ba sai an karanta wa likita ciwon sukari ba, balle wanda ya riƙe Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko daga 2008 zuwa 2011. Abin da ke tafe da ni shi ne halin da talaka yake ciki da wannan ciwo, domin a gidansa ake asarar ido da ƙoda da ƙafa.

A unguwanninmu ba a gane shi sai ya ci jiki. Yawan fitsarin dare, ƙishirwar da ruwa ba ya kashewa, rama alhali ana cin tuwo, duk sai a ɗora wa zafin bazara ko basir, wani lokaci ma a ce sammu ne. Wani sai ya ga kiyashi ya yanyame inda ya yi fitsari kafin hankalinsa ya tashi. Wata kuma ƙaya za ta soke ta a tafin ƙafa ba ta ji ba, don sukarin ya riga ya kashe jijiyoyin wurin. Gyambo ya ƙi warkewa, ranar da za a kai ta asibiti kuwa maganar yankewa ake yi. Alhali ɗigon jini daga yatsa, da safe kafin a karya kumallo, ya isa ya tona asiri: in awo ya kai 126 ko ya haura, sai a tura mutum a tabbatar.

Shi wannan ciwo lallaɓa shi ake yi tsawon rai. Mai nau'i na biyu, wanda ya fi yawa, zai iya daɗewa lafiya lau in ya rage malmala, ya yawaita ganye, ya riƙa taka ƙasa, ya kuma sha ƙwayar metformin a kan kari. Mai nau'i na ɗaya kuwa, galibi yaro, jikinsa ya daina samar da insulin, ransa a bakin allura yake. Ita kuma ba ta jure zafi, wutar lantarki ka san halinta. Na ga uwa tana binne kwalbar ɗanta cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, masu tsallake allurar yau don ta kai gobe sun ƙaru. Wannan giɓin mai lasifika a tasha yake cikewa, yana rantsuwa cewa garin maganinsa zai raba ka da sukari cikin mako guda. Ni dai ban ga laifin wanda ya saya ba, shi ne maganin da aljihunsa ya kai.

Ranka ya daɗe, Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi, amma kuɗin babban asusun gwamnati yake faɗawa, ba a keɓe shi don lafiya ba. Ka tsaya tsayin daka Majalisa ta keɓe shi. Da shi za a sa na'urar awo da kayan gwajinta a kowane asibitin sha-ka-tafi, a duba duk wanda ya haura shekara 40 da duk mai juna biyu. Hanyar da ta kai ɗigon rigakafin shan inna ƙauyuka da sanyinsa, har aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar a 2020, kai ka san ta ciki da bai. Ita ma insulin ta bi wannan hanya, a ba yara kyauta. NAFDAC kuma ta ja kunnen masu tallar warkarwa.

Ranar 14 ga Nuwamba ake tunawa da masu wannan ciwo a duniya. Muna roƙon kafin ta zagayo ka bayyana mana matsayinka a kan kuɗin harajin nan.

Allah ya yi jagora. Wassalam.