Keke yana ɗaki, kuɗin surfani yana tafiya kasuwa

 Maganar wannan makon ta ɗinki ce. Don Allah a daure a karanta har ƙarshe kafin a tura gaba.

Duk mai ɗinki ta san yadda abin yake. Ke kika auna, ke kika yanka, ke kika haɗa riga kika yi kalmasa. Sai mai kaya ta ce, "Anti, a yi min aiki a wuya da bakin hannu." Shi ke nan, a naɗe riga a ba yaro ya kai shagon mai surfani. Ta kwana uku can, in dab da Sallah ne ta yi mako biyu, ke kuma ki yi ta ba mai kaya haƙuri a kan laifin da ba naki ba. Ranar lissafi kuma, sau da yawa kuɗin aikin wuyan ya kamo kuɗin ɗinkin gaba ɗaya, wani lokacin ma ya wuce shi.

Ra'ayinmu a nan shi ne, lokaci ya yi da za mu daina murna da yawan kekunan da aka raba, mu fara tambayar me keken zai iya da kuma wa zai koyar. Keken ɗinki madaidaici ya cika unguwanni. A layi ɗaya sai ki tarar da mata biyar suna ɗinkin riga da zani, kowacce na karya farashi don ta samu ciniki. Mai surfani a cikinsu da wuya a samu ko ɗaya, alhali nan kuɗin yake.

Kuma kada wani ya ce mana ado a tufafi aikin maza ne. Su wa ke zaune a tsakar gida da allura suna ɗinkin hula, zanna bukar da kube da sauransu, wata hular sai an yi makonni ana yinta? A birnin Zariya ɗinkin babbar riga na hannu, irin aska biyu da aska takwas, da can malamai da almajiransu aka sani da shi. Daga wajajen shekarun 1970 zuwa 1980 mata suka shiga cikinsa daga cikin ɗakunansu, har ya zama da shi wasu gidajen ke cin abinci. Idon zane muna da shi, haƙurin ma muna da shi. Inji ne kawai ba mu kama ba.

To bari mu faro daga abin da ke hannu. Baƙin keken nan na ƙafa, Butterfly ko Singer, wanda wata ta lulluɓe da zani ta ɗora masa kwanuka, yana iya surfani. Ba sabon abu ba ne, kamfanin Singer ya buga littafin koyar da wannan aikin tun 1911. Za ki cire ƙafar da ke danne yadi, ki sauke haƙoran da ke jan yadi ko ki rufe su da faranti, ki ɗaure yadin a zoben katako ya yi tauri kamar fatar ganga. Sai ki sauke maɗagin ƙafar duk da babu ƙafa a jiki. A nan yawancin masu koyo ke tuntuɓe, domin in ba a sauke shi ba zaren sama ba zai ɗauru ba, sai ya cukurkuɗe a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu. Daga nan ƙafarki na taka keke a hankali, hannuwanki biyu na juya zoben bisa zanen da kika yi da alli. Makon farko aikin zai fito a karkace, kowa haka ta fara. A yi ta gwadawa a ƙyallen da ya saura, a lura da yatsu kuma, tunda allura a buɗe take.

Wadda hannunta ya faɗa a wannan, sauran kekunan ba za su ba ta tsoro ba. Akwai keken zigzag irin 20U mai cike fure da ganye da rubutu. Akwai kuma keken da ke yin ɗinkin sarƙa da murɗaɗɗen zare, irin wanda ake gani a wuyan manyan riguna, mai mariƙi a ƙarƙashin tebur da ake juyawa da hannu ɗaya don karkata allura. Asalinsa keken Cornely ne da aka fara ƙerawa a Faransa a shekarun 1860. Inji ne mai son mai da kulawa, amma ba aljani ba ne. Yaran shago 'yan shekara goma sha biyar suna koyonsa.

Inda muke so a fi sa hankali shi ne yadi, don a nan ake asarar kayan mutane, a nan kuma suna ke ɓaci. Kowane yadi da halinsa.

Atamfa da yadin auduga su ne abokan koyo, ba su da rigima. Allura mai lamba 14 ta ishe su, a liƙa takardar gam a baya da dutsen guga don kada aikin ya tattare. Shadda kuwa sarauniya ce, ba ta yafiya. Ƙyallin nan da taurin da ake sayenta dominsu su ne ke tona asiri: in kika yi kuskure kika warware, ramukan allura za su zauna a fuskarta, mai kaya kuma za ta gani tun daga bakin ƙofa. Saboda haka kafin allura ta taɓa shaddar mutane, musamman mai tsada irin Getzner, a fara gwada zanen a guntun da aka yanke daga ita kanta shaddar. Guntun wani yadin ba zai gaya miki gaskiya ba.

Mayafi, shifon da boyel suna son allura siririya, lamba 9 ko 11, da zane mara nauyi. In kika cika musu zare sai yadin ya rinjayu ya yi jaka, wani lokacin ya yage a gefen furen. Karan-miski kuma kada a matse shi a zobe, shatin zoben kan kwantar da gashinsa kuma ba kasafai yake tashi ba. Takardar baya ake ɗaurewa a zobe, sai a ɗora shi a kai a kama shi da ɗinkin wucin-gadi. Guga ma ba a ɗora masa a fuska. Tawul na jarirai da na amare matsalarsa daban: zare na nutsewa cikin gashinsa, sunan da kika rubuta ya ɓace. Akwai wata leda siririya mai narkewa a ruwa da ake shimfiɗawa a sama kafin a ɗinka, in an gama a wanke ta tafi. Yadi mai miƙewa kamar na hijabin roba yana son allura mai dunƙulallen baki wadda ba ta tsinka saƙa. Fata kuwa, ta jaka ko ta takalmi, duk ramin da aka huda ya zauna har abada, don haka allurarta daban ce mai baki kamar wuƙa, a tsawaita taku, kuma ba a kama ta da fil.

Zare ma haka. Mai sheƙin nan da muke kira siliki ya fi kyan gani, amma ba ya jure bilic. Zanin gado, rigar filo, kayan makaranta, duk abin da za a yi ta wankewa, a sa masa zaren foliyesta. Allura kuma ba gado ba ce, in ta dakushe a canza ta.

Sai babban yaya, keken kwamfuta da ake ce wa monogiram. Kamfanin Tajima na Japan ya fara fitar da inji mai kawuna da yawa a 1964, yanzu kuma na ƙasar Sin sun cika kasuwa. Ana zana ado a kwamfuta, a sa a filashi, inji ya ɗinka riga huɗu ko shida a lokaci guda, duk iri ɗaya. Shi ya kwashe aikin bajon makarantu, hijaban Islamiyya masu suna, huluna da kaftani. Gaskiya ɗaya ce, ba injin mace ɗaya mai ƙaramin jari ba ne. Yana da tsada, yana son wuta tsayayya, yana son makaniki. Amma abin da mace ɗaya ba za ta ɗauka ba, mata ashirin masu rajistar ƙungiyar gama-kai za su iya tunkara. Adashin da muke zubawa shekara da shekaru don kayan ɗaki, ba laifi a karkata zagaye ɗaya zuwa ga inji. Kuma ga wata ƙofa da ba a cika lura da ita ba: mai zana adon a kwamfuta daban ake biyansa. 'Ya'yanmu mata da suka gama sakandare, waɗanda suka fi mu iya waya, za su iya koyon wannan su yi shi daga gida ba tare da sun mallaki inji ba.

Wata za ta ce kasuwar ta cika, maza sun riga sun kama. A babbar riga da kaftani, ƙwarai sun yi nisa. Amma kayan ɗakin amarya fa? Zanin gado, labule, murfin kwanuka, kayan suna, abaya, mayafin biki da ake so ya zama iri ɗaya na ƙawaye? Mace ce ke zaɓensu, kuma ta fi sakin jiki ta zauna da 'yar'uwarta mace ta zaɓi kala da fure ba tare da ta tsaya a bakin shagon maza ba. Wannan cinikin a cikin gidajenmu yake, mu muke miƙa shi waje.

Abu ɗaya da za mu ja kunne a kai shi ne farashi. Da yawanmu muna lissafa zare kawai, mu manta da takardar gam, allura, man keke, man janareta da kuma awannin da muka yi a sunkuye. Masu keken kwamfuta da yawan takun allura suke yanka kuɗi. Ke ma ki auna lokacinki. Ɗinkin "ai 'yar gida ce" da "sai an yi albashi" sun rufe kekuna da yawa.

Ga masu shirya tallafi kuma, da duk wanda zai tsaya mana a gaban hukumomi irin NDE, SMEDAN da Bankin Masana'antu, roƙonmu a bayyane yake. Horon kwana uku da hoto da takardar shaida ba ya fitar da mai surfani. Ana buƙatar watanni a gaban gwani, kuma a samu malamai mata don waɗanda ba sa fita. In za a raba kekuna goma a mazaɓa, a rage biyu ko uku a haɗa kuɗin a sayi na surfani guda ɗaya, a ajiye shi inda mata za su yi amfani da shi bi da bi, tare da sunan makanikin da zai riƙa dubawa. Mu kuma a namu ɓangaren, keken da aka ba mu kada ya kwana a hannun dillaliya.

Shugabannin mata na mazaɓu, kafin zama na gaba kowacce ta zo da abu uku a rubuce: mata nawa ke da keke a yankinta kuma wane iri, su wa suka iya surfani ko da na hannu ne, kuma wace ce a cikinsu za ta yarda ta koyar da wasu. Wadda ba ta iya karatu ba, 'yarta ko maƙwabciya ta karanta mata saƙon nan. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu.