Dokar Ta'addanci: A Sa Wa Tsarewa Iyaka

Daga Wakilinmu na Arewa, Maiduguri

Babu mai gaya wa mutumin Maiduguri zafin ta'addanci, gama tun rikicin watan Yuli na 1430 Hijiriyya, watau 2009, garin yake binne 'ya'yansa. Don haka ba wanda ya yi mamaki da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar hana ta'addanci cikin 2011. Sai dai fa maganin ya zo da nasa ciwo.

Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya, ko biyu in kotu tana da nisa. Amma gyaran da aka yi wa dokar ta'addanci cikin 2013 ya ba kotu ikon yarda a tsare mutum kwana 90 ba tare da an ji ta bakinsa ba, in wa'adin ya cika kuma a sabunta. Sabuwar dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu cikin 2022 ta rage kwanakin zuwa 60, amma ta bar ƙofar sabuntawa a buɗe. Ke nan wa'adin yana da farko, ba shi da ƙarshe.

Mutanen Barno sun ga inda tsarewa ba shari'a take kai mutum. Barikin Giwa na nan Maiduguri ya haɗiye maza masu yawa, har matansu suka kafa ƙungiyar Knifar suna neman a faɗa musu inda mazansu suke. Ƙungiyar Amnesty ta ce cikin 2015 fiye da mutum 7,000 sun mutu a hannun soja tun 2011, ko da yake soja sun musanta. Da aka fara shari'a a Kainji cikin Oktoba 2017, an sallami mutum 468, cikin Fabrairu 2018 kuma aka sallami 475. To, wa zai biya su shekarun da suka salwanta?

Kada 'yan'uwa mazauna Kudu su ɗauka abin na Barno ne kaɗai. Cikin Yuni 2014 soja sun tare matafiya 'yan Arewa 486 a Jihar Abiya bisa zaton Boko Haram ne. Cikin 2024 kuma da wannan doka aka tsare masu zanga-zangar tsadar rayuwa, har da yara, waɗansunsu suka suma a kotun Abuja. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya wajaba ga Majalisar Tarayya shi ne ta ƙayyade sau nawa za a sabunta tsarewa, ta tilasta a kawo wanda ake tuhuma gaban alƙali tare da lauyansa, a kuma sanar da iyalinsa inda yake. Mai laifi a hukunta shi, marar laifi a sake shi ya koma ga iyalinsa. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.